Cinikin Akwatin Giya a Jos: Kayan da Ba a Sanin Lafiyarsa Sai an Ɗaura

JOS - Duk wanda ya tsaya da sanyin safiya a mahaɗar Tina, kan titin Bauchi Ring Road daura da unguwannin Angwan Rukuba da Dutse Uku a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, zai daɗe yana kallo kafin ya ga sabuwar mota fil ta gifta. Abin da ke wucewa shi ne Golf da Vectra da Sharan na haya, sai Camry da Corolla da Sienna na ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda akasarinsu sun yi shekaru a hannun wasu a Turai ko Amurka kafin a yi jigilarsu zuwa Nijeriya. Motocin nan ba su tsayawa da ƙafafunsu sai da kayan gyara, kayan gyaran kuma su ma na hannu ne. Daga cikinsu babu wanda ya fi tayar wa mai mota hankali kamar akwatin giya, wanda a kasuwa ake taƙaita shi a ce giya kawai, domin bayan inji shi ne mafi tsada, kuma shi ne ba a iya gwadawa kafin a biya.

Bambancin da ke tsakanin biyun yana da muhimmanci ga aljihun mai saye. Injin hannu ana iya tayar da shi a ƙasa, a gaban shago, da batir da ɗan galan na fetur, mai saye ya ji ƙararsa ya ga irin hayaƙinsa. Akwatin giya mai sarrafa kansa, watau otomatik, dunƙulen alminiyom ne a rufe, ba ya motsi sai an haɗa shi da inji, an zuba masa mai, an sa mota a hanya. Kafin a kai nan mai mota ya riga ya biya kuɗin kaya da na dako da na aiki da na mai. Idan ya fito da lahani, sai a sake saukewa, a sake ɗaurawa, aiki biyu ke nan a kan kuɗin mutum ɗaya. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, amma wannan kasuwa kusan kowace rana irinsa ake yi.

Asalin kasuwar

Yadda aka yi ƙasar ta dogara da kayan hannu labari ne na darajar naira. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, aka kuma sami masana'antun manyan motoci irin su Steyr a Bauchi. A lokacin ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin matsayi yana iya karɓar bashin mota ya fito da sabuwa daga kamfani. A 1985 naira ɗaya ta ɗara dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tayar da komaɗar tattalin arziki a 1986, aka buɗe kasuwar musayar kuɗaɗen waje a watan Satumba na shekarar, sai dala ta koma kimanin naira huɗu. A tsakiyar shekarun 1990 farashin hukuma yana naira 22, a kasuwa kuwa ya haura 80. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai aka karkata ga waɗanda Yarabawa suka raɗa wa suna tokunbo, a Arewa kuma ake ce musu Beljiyam ko 'yan Kwatano, gwargwadon tashar da suka taso ko wadda suka sauka.

Matakan baya-bayan nan sun ƙara matse kasuwar. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito bisa lambar jikin mota. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemar wa kanta daraja, daga kimanin 460 a dala ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake kowane akwatin giya da dala ake sayo shi, a biya jirgi da dala, farashinsa ya bi sawun canji. Sakamakon haka mutane suka riƙe tsofaffin motocinsu maimakon sauyawa, buƙatar kayan gyara ta ƙaru a daidai lokacin da kawo su ya yi tsada. Duk inda buƙata ta hau kaya kuma suka yi ƙaranci, akan sami mai cike giɓin da abin da bai kai ba.

Akwai kuma sauyin da ba a cika lura da shi ba. Motocin da suka cika hanyoyin Filato a da, irin su Peugeot 504 da 505, giyar hannu gare su, kuma makanikin da ya koyi aiki a kansu yana iya wargaza akwatin a kan buhu, ya canja boris ko haƙorin da ya cinye, ya mayar. Da aka koma sayo motoci daga Amurka da Kanada, inda kusan kowace mota otomatik ce, sai aikin ya wuce abin da sifana da guduma ke iya yi. Makanikai da yawa ba su buɗe otomatik, shawararsu ɗaya ce: a canja. Wannan ne ya mayar da akwatin giya haja mai tafiya.

Kayan kan iso Jos ta hanya mai tsawo. Ana cire su daga motocin da suka yi haɗari ko suka tsufa a Amurka da Turai da Japan, wasu su biyo ta Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a cusa su cikin kwantena zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Daga nan sai kasuwar Ladipo da ke Mushin, wadda ta yi suna a duk faɗin ƙasar wajen kayan mota na hannu, sa'an nan a ɗoro su zuwa shagunan Dilimi da garejojin Farin Gada da na bakin hanya irin na kewayen mahaɗar Tina. A kowane zango akwatin yana canja hannu, kuma a kowane hannu ana rasa wani ɓangare na tarihinsa. Lokacin da ya iso Jos, sau da yawa mai shagon kansa bai san daga wace mota aka cire shi ba, balle nisan da ya yi.

Abin da masana tattalin arziki suka hango

A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Abin da ya nuna shi ne, idan mai sayarwa ya san lafiyar kaya mai saye kuma bai sani ba, kayan banza na iya korar na kirki daga kasuwa. A ƙaddara akwatin giya mai lafiya ba ya barin hannun mai shi a ƙasa da naira 400,000, mai lahani kuma 100,000 ta ishe shi. Mai sayen da bai iya bambancewa, yana kuma zaton rabi da rabi ne, ba zai taya fiye da 250,000 ba. A wannan farashi mai kayan kirki zai ce albarka, mai na banza kuwa ya sallama da murna. Da masu saye suka gane haka sai su ƙara rage tayi, na kirkin su ƙara janyewa. Lissafin misali ne kawai, amma duk wanda ya taɓa zaga Dilimi ya ga kayan da suka yi kama da juna farashinsu ya sha bamban, ya ga abin da ake nufi.

A ƙarƙashin sunan Beljiyam ɗaya, kaya iri uku ke kwance. Akwai wanda da gaske daga kwantena ya fito, ba a taɓa ɗaura shi a kan mota a Nijeriya ba. Akwai wanda aka cire daga motar gida bayan ya gaji, aka wanke da fetur aka fesa masa fenti ruwan azurfa. Akwai kuma wanda aka buɗe aka haɗa daga matattu biyu ko uku. Na ukun ba laifi ba ne in an faɗa, domin gyararren akwati a hannun gwani yana iya fin wanda ba a san asalinsa ba. Laifin shi ne sayar da shi da sunan na farko, a farashin na farko. Shi kansa na farkon ba shi da tabbas: bayan guguwar Katrina a 2005 da Sandy a 2012 da Harvey a 2017, ɗimbin motocin da ambaliya ta shanye a Amurka sun shiga gwanjon kamfanonin inshora, kuma daga irin wannan gwanjo ne masu shigo da motoci da yawa ke saye. Ruwa kuwa babban abokin gabar otomatik ne, saboda yana ɓamɓare gam ɗin da ke riƙe da fayafayan da makanikai ke kira faiba.

Binciken farko, wanda ya fi kowanne araha kuma aka fi tsallakewa, shi ne tabbatar da cewa tsohon akwatin ya mutu da gaske. Motar da ta ƙi canja giya, ko ta maƙale a giya ɗaya, sau da yawa ƙwaƙwalwarta ce ta kulle ta don kare kanta saboda wata na'urar auna gudu ta lalace, ko waya ta tsinke, ko mai ya yi ƙasa, ko ɗaya daga cikin bawul masu aiki da lantarki ya toshe. Tun daga ƙirar 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar bincike. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne: P0730 na nuna giyar da mota ke ciki ba ta dace da gudun da ake aunawa ba, P0740 kuma ta shafi kullin tulun ƙarfen da ke haɗa inji da akwatin. Kuɗin wannan bincike bai kai ɗan ƙaramin kaso na kuɗin akwati ba. Mai motar da ya sayi akwati alhali cutar tana cikin waya, zai ɗaura sabo ya tarar da matsalarsa tana nan, sa'an nan ya koma yana rigima da mai shagon da bai cuce shi ba.

Idan an tabbatar sai an saya, abu na gaba shi ne dacewa. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Camry ta shekaru ɗaya tana iya zuwa da inji mai silinda huɗu ko shida, akwati mai giya huɗu ko biyar ko shida, kuma Sienna ko Highlander mai jan ƙafa huɗu akwatinta daban da mai jan ƙafa biyu. A kasuwa ana rarrabe su da ƙirga fil ɗin soket, a ce mai fil 10 ko mai fil 13 ko mai fil 22, amma abin da ya fi tabbas shi ne lambar ƙirar da ke jikin akwatin da kuma takardar da ke manne a dokin ƙofar direba, tare da lambar jikin mota mai harafi da adadi 17 da aka daidaita tun 1981. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora tsohon a Keke a kai shi shago, a ajiye su gefe da gefe. Akwatin da aka tilasta masa zama ta hanyar yanke waya ko fasa sabon rami, mota za ta tafi, amma za ta riƙa shan mai fiye da ƙima, ko ta riƙa bugu a duk canji.

Daga nan sai ido da hanci su yi aikinsu, kuma sun fi iyawa fiye da yadda ake zato. Akwatin da ya fito daga kwantena yakan zo da ƙurarsa da tsohon maiƙonsa, wayoyinsa da bututunsa a datse da almakashi kamar yadda masu wargaza motoci ke yi don sauri. Wanda ke walƙiya kamar sabon kwano, fenti ya hau har kan soket da roba, shi ya kamata a tsaya a kansa. Kan notuna yana ba da labari: notin da sifana ta taɓa kamawa gefensa kan yi haske ko ya cinye. Jan gam ko toka-toka da ya tsattsafo a tsakanin ɓangarorin akwatin, inda kamfani bai sa irinsa ba, shaida ce an buɗe. A duba kunnuwan da ake ɗaure shi da inji ko akwai tsaga ko walda, domin motar da ta yi karo ta gaba takan fasa su.

Man da ya rage a ciki shi ne shaidar da ba ta iya ƙarya, in dai ba a riga an tsiyaye an zuba sabo ba. A ɗiga shi a kan farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa mai haske ba abin damuwa ba ne. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin faiba ta ƙone. Wanda ya yi kauri ya koma kamar an dama shi da madara, ruwa ne ya shiga, ko daga ambaliya ko daga lagireto da ya fashe ta ciki, kamar yadda ya faru da Nissan Pathfinder da Xterra ƙirar 2005 zuwa 2010. Mai sayen da ya san abin da yake yi zai nemi a kwance kaskon ƙasa a gabansa. A ciki akwai maganaɗisu: laushin toka mai kama da kwalli a jikinsa al'ada ce, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin baƙin abu a gindin kasko hukunci ne. Aikin bai wuce minti goma sha biyar ba. Mai shagon da ya ƙi yarda a buɗe kasko, ko da mai saye ya ɗauki nauyin sabon gaskit, ya riga ya amsa tambayar.

Giyar hannu ta fi sauƙin sha'ani. Ana iya shigar da ita kowace giya a ƙasa, a juya sandar da hannu a ji ko akwai gurnani ko wasa. Abin da ba ya fitowa sai a hanya shi ne giyar da ke tsalle ta koma firi da kanta, ko mai ƙara idan za a shiga ta biyu.

Wasu ƙirar kuma da cutarsu suka fito daga kamfani, abin da ya kamata ya shiga lissafin farashi. A 2004 kamfanin Honda ya janye motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu tana zafi fiye da ƙima. Nissan kuma ya tsawaita garantin akwatinsa mai bel, wanda ake kira CVT, zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin ƙirar 2003 zuwa 2010. Garantin ya daɗe da ƙarewa, kuma dama bai taɓa tsallako teku ba, amma akwatunan suna nan a kasuwa.

Kwanakin gwaji

Duk wannan bincike yana rage haɗari ne kawai. Abin da ya rage, garanti ne ke ɗaukarsa, kuma a nan ne ainihin cinikin yake. Masana irin su Spence sun bayyana dalili: alkawarin karɓar kaya idan sun ƙi ba ya yi wa mai kayan kirki nauyi, amma yana karya mai na banza, don haka tsawon kwanakin da mutum ya yarda ya bayar ya fi rantsuwarsa nuna abin da ya sani. Kwanakin da ake bayarwa a kasuwannin ƙasar nan ba su da yawa, daga 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu, kuma galibi da baki ake yin su. Mai sayen da ya ɓata awa guda yana neman ragin naira dubu goma, da ya ɓata ta wajen neman ƙarin mako guda, da ya fi cin riba.

Rigimar da ke biyo baya kusan kullum a kan abubuwan da ba a faɗa ba ne. Yaushe kwanakin suka fara, ranar biya ko ranar ɗaurawa? Tambayar ba ƙarama ba ce ga wanda ya aika kuɗi Ladipo bayan ya ga hoton bidiyo a WhatsApp, tunda tsakanin Legas da Jos tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma kafin kaya su iso tasha, makaniki ya samu sarari, rabin kwanakin sun tafi. Idan ya ƙi, kuɗi za a mayar ko canji za a yi? Idan canji ne kuma babu irinsa a shago, har yaushe za a jira? Wa zai biya dakon komawa? Duk wannan layi huɗu ne a bayan rasit, tare da lambar akwatin da alamar fentin da mai shago ya sa masa. Alamar tana kare ɓangarorin biyu, domin 'yan kasuwa su ma suna da ƙorafinsu na gaskiya: akwai mai sayen da ke cire kayan ciki masu kyau ya mayar da ƙwarya, akwai kuma makanikin da ke kashe akwati mai lafiya ranar farko.

Yadda ake kashe shi sananne ne. Ana ɗaura shi ba tare da an wanke bututu da wurin sanyaya mai ba, sai dattin tsohon ya kwarara cikin sabon. Ana ƙin zaunar da tulun haɗin har ƙarshe kafin a ɗaure notuna, sai famfon mai ya fashe. Ko kuma a zuba duk jan man da aka samu a bakin hanya. Toyota yana da T-IV da WS, Honda yana da Z1 da DW-1, akwatin Nissan mai bel yana son NS-2 ko NS-3, kuma man otomatik na gama-gari a cikin CVT ajalinsa ne. Yawancin motocin baya-bayan nan ma ba su da gejin auna man giya, sai an auna ta wani noti a gefe ko a ƙasa, a wani zafi na musamman. Tsimin kuɗin lita huɗu ko biyar na man da ya dace ya sha cinye akwati sukutum.

A wajen gwajin hanya, Jos tana da abin da Legas da Kano ba su da shi. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda inji ke rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa saboda ƙarancin iska, sa'an nan da wuya a yi tafiyar minti biyar ba a gamu da hawa ba. Sanyin asubar Disamba da Janairu kuma yakan tona asirin robobin ciki da suka bushe: motar da ta kwana, aka tayar aka sa ta a D ko R, ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da bugu ba. Ɗaya gwajin sai ta yi zafi, watau bayan tafiyar rabin awa ko fiye, da kaya ko mutane a ciki, a kan hawa. Idan allurar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, giya na zamewa. Zagaye ɗaya daga mahaɗar Tina zuwa Farin Gada a dawo ba gwaji ba ne. Direban da hanyarsa ta Abuja ce, Hawan Kibo ne zai yi masa alƙalanci, kuma gara ya kai motar can tun kwanakin garanti ba su cika ba, da ya gano gaskiya da fasinja bakwai a tsakiyar hawa. Bayan an dawo a sake jona kwamfuta, a kuma leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo.

Gwajin nan shi ne kuma na wanda zai sayi mota sukutum. Sai dai ya kula da abu biyu: motar da aka riga aka ɗumama kafin ya iso, da wadda aka goge lambobin lahaninta. Kwamfutar bincike tana nuna ko ƙwaƙwalwar mota ta kammala gwaje-gwajen kanta tun bayan gogewar ƙarshe. Idan duk ba su kammala ba, ba da daɗewa aka share allon ba.

Akwai wani mutum na uku a cinikin da ba a cika sa shi a lissafi ba, shi ne makanikin da ke raka mai mota kasuwa. A al'adar kasuwa yakan sami la'ada daga mai shago, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Matsalar ita ce wanda aka ɗauko don ya tsananta bincike shi ne kuma mai samu idan ciniki ya faɗa, ya sake samun kuɗin aiki idan an sauke an sake ɗaurawa. Ba a ce duk makaniki maci amana ne ba. Da yawansu sunansu ya fi musu la'adar rana ɗaya. Amma tsarin da kansa a karkace yake, kuma maganinsa mai sauƙi ne: mai mota ya biya makaniki ladan bincike dabam a fili, ya biya mai shago hannu da hannu, ko kuma ya bar wa makanikin saye da ɗaurawa gaba ɗaya a kan farashi ɗaya, da sharaɗin duk abin da ya faru cikin kwanakin da aka yanka a wuyansa yake.

Abin da ke riƙe irin wannan kasuwa a ko'ina shi ne sanin cewa gobe ma za a haɗu. A Jos wannan igiya ta sha wuya. Gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002 ta warwatsa 'yan kasuwa, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 kuma suka raba unguwanni, har ya zama akwai lokutan da mutum kan yi tunani sau biyu kafin ya tsallaka wani yanki neman haƙƙinsa. Duk da haka sana'ar mota tana daga cikin wuraren da mai shago da makaniki da direba daga ɓangarori daban-daban suka ci gaba da hulɗa, domin babu mai iya yi ba tare da ɗan'uwansa ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ta makanikai, NATA, su ne kotun farko idan an sami saɓani, kuma hukuncinsu ya fi sauri. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da abin da aka sayar masa da su ba, amma ko a gaban ƙungiya ko a gaban hukuma, abin da za a fara tambaya shi ne rasit. Ga direban haya da ke biyan balas kullum, ko wanda ya ci bashi ya sayi akwatin, kowace rana da mota ta yi a kan jak asara ce da babu mai mayar masa, ko da daga baya an ba shi gaskiya.

Saura tsohon akwatin. Yana da kuɗi, ko a wajen masu gyara ko a wajen 'yan gwangwan da ke sayen alminiyom a kan sikeli, kuma mai shago yakan nemi a bar masa shi a rage wani abu daga farashi. Masu gogewa ba su sakinsa sai kwanakin gwaji sun cika, saboda soket ɗinsa da na'urorin aunawa da bawul ɗinsa na iya ceton sabon. Wasu kuma kafin su rabu da shi sukan sa a buga masa alama da kurfi a inda fenti ba zai rufe ba, don kada bayan wata biyu su tarar da shi a kan kanta, a wanke, da sunan Beljiyam.